Kujerar da Aka Hana Kawu

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu taru, da wanda ya yi cuta da wanda aka cuta. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa na Tama, aka yi masa sutura kafin la'asar. Ban samu jana'iza ba. Ina Yamai labari ya same ni, sai washegari na sauka Madawa, na nemi motar da za ta ƙarasa da ni gida.

Na tarar da maza a kan tabarmi ƙarƙashin itacen bedi na ƙofar gida, kowa da abin da yake tunawa. Liman ya ce bai taɓa ganin mutumin da ke zuwa sallar asuba da biki ja, wato alƙalami, a aljihu ba sai shi. Wani tsoho mai lambun albasa ya ce shekaru suna maƙwabtaka, amma har aka rufe shi bai gane aikin da yake yi ba. Babban wansa, wanda muke kira Kawu Babba, da aka shafa fatiha sai ya ce, "Ya tahi da gardamatai. Yanzu da wa zan yi?" Ya rufe fuska da rawani.

Ranar uku sai ga farar mota daga Yamai, da mutane huɗu na ƙungiyar masu sana'armu. Shugaban ƙungiyar ya miƙe tsaye, abin da ba a yi a wurin zaman makoki, ya yi jawabi da Faransanci, sannan ya juya shi da Hausa. Ya ce mun yi rashin uba. Ya ce duk wanda ya iya aikin nan a ƙasar nan, a hannun marigayi ya koya. Ya ce marigayi bai taɓa gajiya da neman sani ba.

Daga bayan zana, inda mata suke, mahaifiyata ta ɗaga murya. "Ku tambaye shi! Uban nan nasu, da yat tahi wurinsu, sun ba shi kujera?"

Mata suka yi ta cewa ta yi haƙuri, ranar addu'a ce. Shugaban ya yi kamar bai ji ba, ya zauna. Ni ina kusa da ita, ban ce uffan ba, domin ni ma 'yar ƙungiyar ce, kuma ranar da take magana a kai ina cikin ɗakin da aka hana shi shiga. Tun daga lokacin nake cike da haushi, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ba zan bari jawabin mutumin nan ya zama abin da ya rage na Kawu ba.

Ga aikin da maƙwabcinsa bai gane ba. Idan mutum ya ƙirƙiro wani abu da ba a taɓa yin irinsa ba, akwai takardar da hukuma ke ba shi, wadda ke hana wani ya kwaikwaya ya sayar ba da izininsa ba har wasu shekaru. Birebe ake ce mata, sunan da wata jarrabawar lakwal, wato makarantar boko, ma take da shi, shi ya sa mutanen Tama suka daɗe suna zaton Kawu jarrabawar 'yan lakwal yake gyarawa. Samun takardar ba wasa ba ne. Sai an zana abin, an bayyana shi dalla-dalla, an nuna inda ya bambanta da na da, an aika cikin lokaci. Wanda ke tsaya wa mai ƙirƙira a kan wannan shi ne wakili. Kawu ya yi aikin a biro, wato ofis, na gwamnati, bayan ya ajiye kuma ya ci gaba da kansa, daga wani ɗan ɗaki a gidansa mai tebur ɗaya da kabad biyu.

Dokokin aikin ba sa zama wuri ɗaya. Yau a sauya takardar cikewa, gobe a rage wa'adi, jibi a ce zane sai da lamba a gefe. Kawu bai yarda wata sanarwa ta wuce shi ba. Kowace ta zo sai ya rubuta ranar da ta iso a samanta, ya ɗauko tsohon littafin doka, ya soke layin da ya mutu da jan biki, ya rubuta sabon a gefe da ƙananan baƙaƙe. In ka gaya masa wani abu game da aiki, ba ya tambayar ko gaskiya ne. Cewa yake yi, "Yaushe ka duba?" In ka ce bara, ya gama da kai.

Ba mutum ne mai sauƙi ba, kuma ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. Shekarata ta farko ina koyon aiki a hannunsa, na cika wata takarda da aka daina amfani da ita. A gaban mai dosiyen, wato fayil ɗin neman takardar, wani dattijo da ya zo tun daga Kaita, ya ɗaga takardar sama ya ce, "Wagga ta mutu tun damana, ɗiyata. Gawa kika kawo muna." Na fita bayan gida na yi kuka. Bai ba ni haƙuri ba. Da yamma dai ya aiko mini da soyayyar fara a faranti, ita ce haƙurinsa.

Duk wani taron ƙara wa juna sani da aka kira, yana sahun gaba, da furfurarsa, da kayensa, littafin rubutu irin na 'yan lakwal. Yana tambaya har mai koyarwa ya fara duba agogo. Wata shekara ranar ɗaurin auren 'yar Kawu Babba ta haɗu da irin wannan taron. Aka shafa fatiha, kafin a raba goro ya riga ya nufi tasha. Kawu Babba ya bi shi har bakin hanya yana cewa, "Kai har yanzu ɗan lakwal na? Mi ya rage ba ka koya ba?" Ya juyo ya ce, "Abin da za su hwaɗi gobe." Damana guda ba su ci a kwano ɗaya ba.

Akwai wani maƙeri a Tabotaki, mutum mai ƙarancin magana da hannu mai albarka. Masu lambu a fadamun wajenmu sun san wahalar rijiya mai rairayi: famfo ya ja ruwa kwana biyu, ya toshe, a ciro a kwance a wanke. Maƙerin ya yi wani kan famfo da ke tace rairayin ya kuma zubar da shi da kansa. Ya ɗauko shi a bayan moto, wato babur, ya kawo kasuwar Tama don mutane su gani. Kawu na wucewa ya hango ana taruwa. Ya kutsa, ya duƙa, ya duba, ya tambayi mutumin ko wani ya taɓa gani kafin yau. Da ya ce a'a, Kawu ya tuɓe babbar rigarsa nan tsakiyar kasuwa ya lulluɓe famfon, ya tsaya daga shi sai 'yar shara yana korar jama'a. "Ku watse! Ba a gama ba!" Mutane suka ɗauka ya zautu. Shi kuwa ya san cewa abin da aka baje wa duniya kafin a kai takarda, ya daina zama sabo a idon doka.

Wata biyu yana zuwa Tabotaki da ma'auni da fensir. Ya zana kowane ƙarfe, ya rubuta bayanin, ya karanta wa maƙerin da Hausa don ya ji ko haka yake nufi. Ya aika dosiye, lambar karɓa ta dawo. Ranar ya ce wa maƙerin, "Yanzu sayar, ba mai taɓa ka." A iya sanina, shi ne maƙerin ƙauye na farko a wajenmu da sunansa ya shiga irin wannan rajistar.

Ana cikin jiran amsa sai tsarin aiki ya sauya gaba ɗaya. Aka ce an bar takarda. Komai ta intanet za a riƙa aikawa, kuma duk wasiƙar da hukuma za ta rubuto wa wakili, cikin wani akwati na na'ura za ta faɗa. Wanda ke son a ba shi mabuɗin akwatin, sai ya halarci horo na kwana uku da ƙungiyarmu ta shirya a wani otal a Yamai. Aka aika gayyata ta waya, irin mai gogawa. Wayar Kawu ta kira ce kawai. Ba wanda ya tuna da shi, har ni, sai ana saura kwana biyu na ambata masa cikin hira.

Ya kwana a hanya. Da safe ina zaune cikin ɗakin taro, da kati rataye a wuyana, na hango shi ta gilashi a bakin ƙofa, da jakarsa ta fata da kayensa a hannu. Mai riƙe da jerin sunaye ta duba sama ta duba ƙasa, ta girgiza kai. Aka kira shugaban ƙungiya. Na taso na tsaya daga nesa, na ji komai.

"Baba, ai da kun kira," in ji shugaban. "Kujeru a ƙidaye suke, na'urori ma haka."

"In zauna ƙasa," in ji Kawu.

"Haba Baba, a ce kun zauna ƙasa a gaban baƙi? Wannan aikin na ordinata ne, na na'ura mai ƙwaƙwalwa, zai wahalar da ku. Kun yi naku. Ku huta, yara su ci gaba."

Wannan mutumin, Kawu ne ya koya masa yadda ake rubuta layin farko na dosiye. A cikin ɗakin akwai kujeru uku da ba kowa a kai, na mutanen da suka sa hannu da safe suka tafi harkokinsu. Na gan su da idona. Na san sunayen masu su. Abin da ya kamata in yi shi ne in cire katina in rataya masa, ko in ɗaga murya kamar yadda mahaifiyata ta yi daga bayan zana. Ban yi ba. Sabuwar shiga ce ni, ina tsoron a ce ba ni da ladabi.

Na je na ce, "Kawu, mu tafi gida."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Koma ciki. Rubuta komi, har tambayoyin da ba a amsa ba. Ina nan."

Kwana uku yana kan bencin masu gadi a farfajiyar otal. Duk lokacin da aka fito shan shayi, in kai masa abin da na rubuta da takardun da aka raba, ya kwafa cikin kayensa. Abokan aiki suna wucewa da faranti a hannu, wasu su rusuna su gaishe shi, wasu su bi ta ɗaya ƙofar. A rana ta uku aka raba takardar shaida da mabuɗai. Shi ba a ba shi ba, tunda bai halarta ba. Haka aka rubuta: bai halarta ba. Bayan 'yan watanni sunansa ya fita daga jerin wakilai.

Kafin ya hau mota ya miƙo mini dosiyen maƙerin, a ɗaure da zare. "Ya koma hannunki. Wasiƙa ba za ta sake zuwa Tama ba, akwatinki za ta hwaɗa. Ki riƙa dubawa." Na ce to. Na yi abin da ake yi aka mayar da dosiyen sunana, na sa shi a kabad. A lokacin ina aiki a wani biro mai manyan kamfanoni, masu kira sau biyar a wuni. Maƙeri ba ya kira.

Kawu ne ke kira. Sau huɗu ya tambaye ni, "Kin duba akwati?" Biyun farko na duba, ba komai. Na uku da na huɗu ina cikin wani aiki, na ce, "Na duba, Kawu, shiru." Ban duba ba. Wasiƙa tana ciki. Zane ɗaya ne suka ce a gyara a mayar cikin wa'adi, aikin da ba zai ci mini wuni ba. Ranar da na buɗe, wa'adi ya wuce, ƙarin lokacin da doka ke bayarwa shi ma ya wuce. Dosiye ya faɗi. Sake kai shi ba zai yiwu ba, domin famfon ya riga ya shiga lambuna daga Buza har Bangi.

Na kira shi na gaya masa. Na shirya jin faɗan da ya fi na takardar da ta mutu. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "To." Ya ƙara da cewa, "Daga yau kowace safiya ki duba akwati, kafin ki sha ruwa." Ya kashe. Da ya zage ni da ya fi mini.

Rani na zagayowa, shagunan Madawa suka cika da kan famfo irin na maƙerin sak, an shafa masa shuɗin fenti, an zuba shi cikin kwali da rubutun wata ƙasa. Ba mai hana su.

Sauran labarin ban san shi ba sai a wannan zaman makokin. Matar Kawu ce ta ja ni ɗaka ta gaya mini. Washegarin kiran da na yi masa, ya hau moto ya tafi Tabotaki. Ya ce wa maƙerin, "Takardarka ta hwaɗi. Ni na tsuhwa, ban bi sabuwar doka ba." Bai ambaci sunana ba, bai ambaci otal ba. Maƙerin bai yarda cewa tsufa ne ba. Da ya ga shuɗin famfo a kasuwa, sai ya ce ashe shi ya sa aka lulluɓe abinsa da riga, aka yi wata biyu ana aunawa. Magana ta zaga cewa Kawu ya sayar da asirin. Daga nan ba wani maƙeri ko makanike da ya sake kawo masa komai. Shekara biyu yana zaune a ɗakin nan mai kabad biyu, ba mai sallama. Duk da haka kowane wata sai ya ce in buga masa sababbin sanarwoyi in ba direba, ina aikawa, yana sokewa yana gyarawa, na sana'ar da aka kore shi daga cikinta. Ni ina Yamai ina cewa ai yana samun abin ɗebe kewa.

"Ya hana ni gaya miki," in ji matarsa. "Ya ce ke kina da sauran aiki a gaba, shi ya gama. Daga Tabotaki ko mutum guda bai zo gaisuwa ba."

Ina jin haushin ƙungiyar da ke shirya horo don mutane su ci gaba da sanin aiki, ta kuma tsayar da wanda ya fi kowa son sani a bakin ƙofa. Ina jin haushin wanda ya ce masa ya huta, ya dawo yana kiransa uba a kan tabarmar makokinsa. Har Kawu ina jin haushinsa. Wa ya ce ya ɗauki laifina ya shiga kabari da shi? Bai shawarce ni ba, kamar yadda bai taɓa shawartar kowa ba. Amma duk wannan bai kai wanda nake ji da kaina ba, kuma shi ne kaɗai nake da abin yi a kansa.

Bayan addu'ar bakwai na tafi Tabotaki. Na tarar da maƙerin a rumfarsa yana gyaran hauya. Na yi sallama, na gaya masa ko ni wace ce. Bai ce in zauna ba.

"In gaisuwa ce, Allah shi jiƙan Musulmi," in ji shi, yana ci gaba da dukan ƙarfe.

"Ba gaisuwa ba ce, Baba. Dosiyenka ba a hannunsa ya faɗi ba. A hannuna ne."

Na faɗa masa duka, da bencin masu gadi, da akwatin, da kira huɗu, da ƙaryar da na yi sau biyu. Ƙarfen da ke kan uwar maƙera ya huce daga ja ya koma baƙi, bai mayar da shi wuta ba.

"Bai saida ba?"

"Bai sayar ba. Ko mabuɗin akwatin ba shi da shi."

Ya ajiye masaba. Ya dubi ƙasa. "Bayan ƙaramar salla mun haɗu kasuwar Buza," in ji shi. "Ya miƙo mini hannu gaban mutane. Na sa nawa aljihu." Ya ɗago ya dube ni. "Shekara biyu kina da wagga magana a baki?"

"Ban san abin da ya gaya maka ba."

"Kin tambaya?"

Na ce ya yafe mini.

"Ba yau ba," in ji shi. Ya watsa ruwa a wuta, ya ɗauki hularsa. "Wa ya san inda anka rufe shi?"

Na ce babban wansa yana gida. Ya tayar da moto ya nufi hanyar Tama, bai waiwayo ba, ya bar ni tsaye a rumfa cikin hayaƙi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa zafin bakinsa da ƙaryar da ya yi domina, ya yalwata masa makwanci. Mu da muka zauna a cikin ɗakin taron, ban iya roƙa mana komai ba tukuna.